Mataki na Biyar

Da mai tonon kabarin ya ɗago agogon, na gane shi tun bai karkaɗe ƙasar ba. Ni na saya wa ƙanena shi.

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da dabarun bincike a wata jami'a a Khartum. Matakan bincike biyar ne, kuma su na bi lokacin da ƙanena ya ɓace a farkon yaƙi. Na fara da tambaya: ina yake? Na karance jerin sunayen da ke asibitoci da wuraren tsare mutane. Na bi gida gida da hotonsa, daga unguwar Kalakla har Soba. Na auna maganganun mutum ɗari biyu, bakin uku ya zo ɗaya: an harbe wani saurayi ɗauke da jarkar ruwa, mutanen unguwa suka binne shi a farfajiyar wata makaranta. Kabarin nan ne aka tona yau.

Saura na biyar, wato faɗin sakamako yadda yake. A kansa na sha kayar da ɗalibai, ko da sun yi mini kuka.

Da la'asar rakasha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta sauke ni a Umdurman. Na tarar da Inna a tsakar gida tana shanya jallabiyar ƙanena, wadda take wankewa duk Juma'a.

"Ke 'yar nan, an ji wani labari?"

Na damƙe agogon a cikin mayafina.

"Da saura, Inna," na ce. "Har yanzu ina tattara bayanai."