Faten Doya na Mutum Biyu

Tun da aka hana girki da itace da gas, tukunyar lantarki ce ke ciyar da kowane gida a Zariya. Da safe ka zuba mata kayan abinci ka tafi aiki, ta wuni tana dafawa a hankali, da magariba ta duba fuskar kowa ta zubo masa rabonsa.

Asabe, ma'aikaciyar jinya, ta dawo a gajiye ta tarar mijin maƙwabciyarta Indo ya rasu. Tukunyar gidan mamacin kuwa ta kulle kanta, wai sai hukuma ta sake ƙirga mutanen gidan. Yaran ba su sa komai a baki ba tun safe.

Asabe ta ɗauko babban kwano ta tsaya gaban tata tukunyar, inda faten doya ke ta ƙamshi.

"Zubo na mutum biyar," ta ce.

"Mutum biyu ne a gidan nan," in ji tukunyar cikin ladabi.

"Doyar tawa ce, ni na fere ta da hannuna! Marayu na kuka a bayan katangata, sai na roƙi ƙarfe?"

Mijinta Tanimu ya ce, "Rage murya, kin san tana kai rahoto." Ya matso da fuskarsa, ya karɓi rabonsa ya juye a kwanon. Ita ma ta juye nata. Ko rabin kwanon bai kai ba.

Ta yafa mayafi ta nufi ƙofa.

"Asabe," tukunyar ta kira ta, "ina za ki da rabonki?"

"Wurin mutane," ta ce, ta bugo ƙofar.