Direban da Ba Ya Magana

A tasha Kurma suke ce masa, alhali yana ji sarai. Da yatsu yake faɗin kuɗin mota, da kai yake amsa gaisuwa. Ya fara tuƙin haya ne bayan gwamnati ta rage ma'aikata don a ba ta bashin ƙasar waje. Har yanzu rigarsa kullum a goge take, kamar mai zuwa ofis.

Da la'asar ɗin nan motar ta cika maƙil, layin gidan mai kuma ya toshe titi. Wani tela da ke zaune a gaba ya gaji da shiru, ya miƙa hannu ya kunna rediyo ba tare da ya tambaya ba.

Sanarwar nan ce ta kullum, da murya mai taushi, irin wadda ke sa jariri barci: "'Yan uwa, janye tallafin mai don amfaninmu ne. A ƙara haƙuri. Kaɗan ya rage."

"Kaɗan ya rage!" in ji telan. "Tun matata na da ciki yake faɗin haka. Yau yaron har gudu yake."

"Yana can cikin sanyin ofis, tumbi ya yi gaba," wani makanike ya ce daga baya. "Ranar da na gan shi, wallahi sai ya tsinci haƙoransa a ƙasa."

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Direban ya rage sautin. Telan ya ƙara.

Wata tsohuwa a jikin ƙofa ta ce a hankali, "Ni fa na yarda da shi. Na ce mai wannan murya ba zai yi ƙarya ba. Ɗana ya ce mu sayi maganin Malam, maigidana, da yawa mu ajiye, na ce a'a, farashi zai sauko. Yanzu rabin ƙwaya nake ba shi."

Direban ya dube ta a madubi, ya kau da kai.

A mahaɗa ta sauka. Ta miƙo kuɗi, ya girgiza kai, ta sa masa albarka. Har ta kusa tsallake titi ya hango ledar maganin a kujerarta. Ya danna hon, amma kowa hon yake dannawa. Tsohuwar na shirin ɓacewa cikin jama'a.

Ya leƙa ta taga, ya ja numfashi.

"Inna! Dakata, kin bar maganin Malam!"

Tsohuwar ta tsaya cak a bakin titi. Telan ya dubi rediyon, sannan ya juyo ya dubi direban, domin muryar da ke cewa a ƙara haƙuri ita ce ta fito daga bakinsa yanzun nan.