Kan Inji Mai Tozo Biyu

A bugu na uku da sifana bakin Hoyt ya buɗe, haƙora biyu suka riga maganar fitowa.

"Na rantse ba ni na yi ba! A haka na saye shi wurin tsoho Pruitt!"

Virgil Tackett ya saki kwalarsa, ya ɗauki kan injin ya mayar bayan akori-kura. Hoyt ne dillali na huɗu da ya lakaɗa wa duka a sati ɗaya, kowanne kuma sai ya nuna wani.

Wata guda ke nan da binne Darlene, 'yar Virgil tilo. A filin tsere na Cullman injin tsohuwar motarta ya fashe, mai ya malale ƙarƙashin tayoyi, mota ta daki katanga ta kama wuta. Da Virgil ya kwance injin, kallo ɗaya ya yi ya gane. Alamar tozo biyu tana nan, lamba tana nan, irin kan da masu tsofaffin motoci ke hauka a kai. Amma duk ƙarya ce. Tsagaggen kai ne aka yi wa walda, aka gurje lambar asali aka buga wata, aka shafe da jan fenti. Aikin gwani, tsinannen gwani. Ai Virgil ya san yadda ake yi, farin sani.

Ya iske Pruitt a bakin garejinsa da rana tsaka, tsoho tukuf, idanu duk yana, zaune kan kujera yana cin dafaffiyar gyaɗa. Ko gaisuwa babu, ya haure kujerar. Ƙashin kafaɗar tsohon ya ce ƙas a kan siminti.

"Shafa wannan, Baba. Ka gane shi?"

Pruitt ya laluba ƙarfen. "Na gane. Shekara talatin yana kan kantata."

"Ya kashe min 'ya. Kai ka buga lambar?"

"Ni? Ko ƙusa ban iya bugawa daidai ba, ɗan nan."

Virgil ya take masa yatsu da takalmi, ya murza har sai da tsohon ya yi ƙara irin ta akuya. Bai ji tausayi ba ko ɗigo. Suna yake so, kuma ya riga ya ɗura wa bindigarsa harsashi saboda mai sunan.

"Wa ya sayar maka?"

"Wani saurayi, a kasuwar Asabar," Pruitt ya ce yana haki. "Na yi shakka, na ce lambar nan ta cika kyau. Sai ya ɗago jaririyar da ke hannunsa, ya rantse min da ranta cewa na asali ne. Shi ya sa ban manta sunansa ba. Virgil. Virgil Tackett."