Rigar da Ba Ta Ganin Ruwa

Zdravko ya tsaya a ƙofar garejin ƙungiyar masu babura, falmaran ɗinsa sai ƙamshin sabulu yake. Yau za a ɗinka masa babban tambarin ƙungiya a bayan rigar, shaidar ya zama cikakken ɗan ƙungiya, bayan ya daɗe yana goge baburan manya, da tumbinsa da furfurarsa. Doka kuwa ɗaya ce: rigar ƙungiya ba ta ganin ruwa, dauɗarta ce shaidar tafiya. Wanda ya wanke, korarre ne.

Jiya matarsa Tsvetana ta wanke tasa, har da guga.

Shugaba, Bai Lyuben, ya matso yana shinshinawa.

"Yau amarya muka samu?"

"Bai Lyuben, na rantse ina barci ta ɗauka."

Lyuben ya damƙi wuyan rigar, ya ja shi bayan gareji. Zdravko ya sallama tambari.

Can ya tarar da ƙartin ƙungiyar sun yi layi gaban bokitin baƙin mai, kowa da rigarsa fes a hannu.

"Bi layi, ɗan'uwa," in ji Lyuben, yana tuɓe tasa. "Amma shafa kaɗan. Tawa matar in ya yi yawa, har ni take haɗawa ta wanke."