Shuɗi Don Barci, Kore Don Zazzaɓi

Rahmatu ta miƙa wa mahaifinta yadin, ya murza gefensa tsakanin yatsu ya kai hanci, irin yadda ya saba shekara talatin a rumfa. Sannan ta rataya shi a taga. Rana ta ratso, ɗakin ya yi sanyin launi. Can wajen kasuwa igwa ta tashi sau biyu.

"Shuɗi," in ji mahaifin nata, Alhaji Abdussamad, daga kan gado. "Har na ji kaina ya sauka."

Wata biyu ke nan da yaƙi ya raba Injamena gida biyu, a bazarar 1980. Roka ta faɗa kan rumfar Alhaji, aka kawo shi gida unguwar Marjandafak a kan ƙyaure, ƙafa a karye, kai a fashe. Ƙafar an ɗora ta. Kan ne ya ƙi. Ba barci, ba magana, abinci ma sai ta damƙa masa kwanon a hannu. Rahmatu ta yi kuka har ta gaji, don ba ta da kowa a garin nan sai shi.

Da can shara take yi wa wata Baturiya a unguwar Sabangali, mai yi wa mutane magani da fitilu masu launi. Da Turawa suka kwashe, matar ta bar littafinta. Rahmatu ta ɗauko shi da ɗan Faransancinta na firamare, ta bi layi-layi: shuɗi don barci, kore don zazzaɓi, rawaya don ƙuncin zuciya. Lantarki kam an manta da shi, amma akwai rana, akwai ragowar turamen Alhaji.

Ranar farko da ta gwada, tana yi tana kuka. Alhaji ya juyo wajen muryarta, ya ce ta kawo ya taɓa. Ya murza, ya ce, "Rinin Kano ne. Rataya." Washegari ya ce ya yi barci. Kwana uku ya fara hira. Bai taɓa kuskuren launi ba, ko sau ɗaya.

Mutanen unguwa kuwa, ba ka raba su da labari. Kafin mako biyu mata sun cika zaure, masu faɗuwar gaba da masu ciwon kai, wasu kuma gulma ce kawai ta kawo su. Suka laƙaba mata Dakta Launi. Ta ce su daina, amma har ga Allah sunan ya yi mata daɗi. Duk wadda ta yi shakka, sai ta nuna mata ƙofar ɗakin Alhaji.

Ran nan da hantsi maƙwabciyarsu Hauwa ta shigo goye da 'yarta Zaliha. Jikin yarinyar kamar garwashi, wuya ya ƙage, ba ta ko iya sunkuyar da kai.

"Mai kwalekwale zai tashi kafin azahar," in ji Hauwa. "An ce akwai likitoci a Kuseri, tsallaken kogi a Kamaru. Amma jiya an harbi mutum biyu a bakin kogin Shari. Rahmatu, gaya mini gaskiya, za ki iya?"

Rahmatu ta taɓa goshin yarinyar. Ba ta taɓa ganin zazzaɓi irin wannan ba. Amma ta tuna yadda aka kawo mahaifinta a kan ƙyaure, ga shi yanzu har yana tsokanar ta.

"Kwantar da ita nan, Yaya Hauwa. Ba ga Baba ba?"

Ta fizge shuɗin daga taga, ta rataya kore da sauri. Yau kam babu lokacin miƙa wa kowa ya murza.

"Baba, gaya mata da bakinka. Dubi wannan launin, ba shi ya sauke maka zafin jiki ba?"

Alhaji ya juyo da fuskarsa. Idanunsa a buɗe, sun kafe a bango, taku biyu daga tagar. A tsakar ɗaki numfashin yarinyar yana fita da ƙyar.

"Hauwa, goya 'yarki ki bi kwalekwalen nan yanzu," ya ce. Ya lalubo hannun Rahmatu ya riƙe. "Ki yafe mini, uwata. Kukanki ne na kasa jurewa. Tun ranar da rokar nan ta faɗi ban ga shuɗi ba, ban ga kore ba, ko fuskarki ban gani ba."