Toka a Bakin Ƙofa

Da hantsi ungozoma ta kama wata tsohuwa tana barbaɗa mata toka a ƙofar ɗaki. Wata uku ke nan ungozomar mishan, wadda cocinsu ya turo wani ƙauye kusa da Mai Wurno, tana azumi da addu'a saboda tokar nan. Ta sakankance sammu ne.

"Inna, me na yi miki?"

"Ke ɗiyata, kunamu ke fitowa daga bakin tur'a, magudanar ban-ruwan nan. Toka ce da kananzir, ba sa ƙetarewa. Kin karɓi haihuwar jikana, in bari su harbe ki?"

Ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwar, hawaye na zuba. "Na gode, Yesu," ta ce a ranta. Yanzu ta gane inda Shaiɗan ya kafa sansani: cikin zargin da ke zuciyarta.