Ƙwan da Aka Ce Barci Yake Yi

Tunda ka ce rashin haihuwa ciwon mata ne, gyara zama ka ji misali.

An yi wani mai sayar da irin shuka, irin mutanen nan da in manomi ya dawo ya ce masara ba ta tsiro ba, sai ya tura hula gaba, ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙasarka ce ta gaji." Shekara goma sha ɗaya da aure, matarsa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha sassaƙe har harshenta ya daina gane ɗaci, ta sha hayaƙi, ta sha habaici a gidajen suna. Da ƙyar ta jawo shi asibiti. Kwana goma sha biyu ana tsira mata allura a ciki, aka ciro ƙwai tara daga jikinta, aka saka wa kowanne maniyyinsa. Ko ɗaya bai motsa ba. Likita ta zaunar da su ta ce ƙwan lafiyarsa ƙalau, maniyyin ne ba shi da sinadarin da ke tayar da ƙwai ya fara zama ɗa. Kamar baƙo ne ya shiga zaure bai yi sallama ba, masu gida ba su san ya zo ba. Amma akwai dabara: a tsoma ƙwan cikin wani magani ya tashe shi. Su dai sa hannu a takarda su biyu, kuma su hanzarta, don matar ta kai shekara talatin da takwas, ƙwan mace kuwa ƙarewa yake yi.

Matar ta karɓi biro cike da murna. Shi kuwa gogan naka idonsa ya sauka kan layin da aka rubuta cewa matsalar daga miji take. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Bai zame ko'ina ba sai ɗakin uwarsa: "Hajiya, likita da bakinta ta ce ƙwan barci yake yi, wai sai an tashe shi." Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce ita dama ta sani, macen da ke barcin hantsi me jikinta zai iya? Aka ƙaro jiƙo. Matar ta durƙusa masa, ta yi kuka, ta rantse ko bango ba zai ji sirrinsa ba. Amsarsa ɗaya ce, yana dukan ƙirji: "Ni za a kama wa aiki? Ni?" Haka ta ƙirga damina huɗu. Sai ranar da ƙanensa ya yanka ragon suna na biyar abin ya ci shi, ya leƙo ɗaki ya ce ta shirya su koma. Aka sake allurai, har ninki biyu. Aka duba, aka sake dubawa, babu ƙwai ko ɗaya. Likita ta cire tabarau ta ce yanzu kam ba abin da za a tasa.

A cikin adaidaita, tana kallon tafin hannunta, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, kin dai ji da kunnenki. Ba komai, zan ci gaba da haƙuri da ke."

Ba banza ba Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.